Koyar da Sana'o'in Gargajiya a Manhajar Hausa: Darasi Daga Marinar Ƙofar Mata

1.0 Gabatarwa

Masu tsara manhajar Hausa sun daɗe da raba darasin gida uku, wato harshe da adabi da al'ada. Daga cikin ukun nan, al'ada ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. A mafi yawan azuzuwan da muka leƙa, abin da ɗalibi yake tashi da shi bai wuce jerin sunaye ba: noma, ƙira, jima, saƙa, rini, dukanci. Yakan haddace su, ya zube su a takardar jarrabawa, ya wuce, alhali bai san abin da ya sa kakanninsa suka ɗauki waɗannan sana'o'i da daraja ba. Matsalar ta fi tsanani ga ɗaliban da suke koyon Hausa a matsayin harshe na biyu a kudancin ƙasar nan, domin su ba su taɓa ganin abin da ake faɗa musu ba. A wannan maƙala mun ɗauki sana'a guda, wato rini, domin mu nuna yadda za a fitar da darasin al'ada daga hadda zuwa fahimta.

2.0 Dalilin Zaɓen Rini

Marinar Ƙofar Mata da ke birnin Kano tana cikin tsofaffin wuraren sana'a da har yau ake aiki a cikinsu. Ana danganta kafuwarta da shekarar 1498, wato ƙarshen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), sarkin da aka san shi da kafa Kasuwar Kurmi da faɗaɗa ganuwar birni. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka riƙa kira Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin garin, kuma ya bayyana yadda ake kai tufafin Kano har Tambutu da Tarabulus. Garin Kura ma ya yi suna a wannan fage, har rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura ya ɗauki sunansa, kuma Buzaye sun daɗe suna cikin manyan masu sayen turkuɗi.

Ke nan rini ya haɗa abubuwa uku da manhaja take buƙata: wuri ne na tarihi da za a iya nunawa, fasaha ce da za a iya kwatantawa, kuma rumbu ne na kalmomi. Sai dai tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban bature a 1897, sannan yadudduka na masana'anta suka cika kasuwanni, sana'ar take ja da baya. Ramuka da yawa a Ƙofar Mata sun daina aiki. Duk ramin da aka bari ya cike, akwai kalmomi da dabaru da suke binnewa tare da shi.

3.0 Matakan Koyarwa

3.1 Sanin Aikin

Mataki na farko shi ne ɗalibi ya san yadda ake yin aikin, daki-daki. Marini yakan haƙa rami mai zurfin da ya fi tsayin mutum, ya shafe cikinsa da laso domin kada ruwa ya tsiyaye. Sai ya cika shi da ruwa, ya zuba baba da toka da katsi, ya bar su kwanaki suna ruɓa, yana motsawa da muciya har kumfa ya taso. Idan ruwan ya nuna, sai a riƙa tsoma tufa ana ɗagowa. A nan ne abin mamakin yake: tufar takan fito da launi mai ɗan kore-kore, sai iska ta buge ta sannan ta koma shuɗiya. Gwargwadon yawan tsomawa, gwargwadon duhun launin. Daga nan sai mabuga su karɓa, su ɗora tufar a kan gungume, su yi ta bugu da shuni har ta yi sheƙi.

Ya kamata malami ya jawo hankalin ɗalibai ga hikimar da ke ciki. Katsin da ake zubawa, ragowar tsohon rini ne da aka kwashe daga gindin rami, aka busar, aka ƙona. Shi ne kuma ake haɗawa da gashin jima da dafara a yi lason da ake shafe ramin da shi, har ma da soraye. Wato marini bai san asara ba. Abin da ya rage daga aikin jiya shi ne jarin aikin gobe. Ɗalibin da ya gane wannan ba zai ƙara kallon sana'ar a matsayin aikin jahilci ba.

3.2 Sanin Harshen Aikin

A nan ne darasin al'ada yake haɗuwa da na nahawu. Daga aikatau "rina" muna samun "marini", mai yin aikin, da jam'insa "marina", da kuma "marina", wurin da ake yin aikin. Kalmomi biyun ƙarshe rubutunsu ɗaya ne, karin sauti ne ya bambanta su: a jam'in masu aikin gaɓar tsakiya tana da karin ƙasa, a sunan wurin kuwa dukkan gaɓoɓin suna sama. Haka abin yake ga "ma'aikata" da "masaƙa". Malamin da ya koyar da ɗafa-goshin "ma-" ta wannan hanya ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Bayan haka sai a shiga adon harshe. Bahaushe yakan ce idon wane ya rine, yana nufin ya canza launi saboda fushi ko kuka. Yakan kuma ce, "An san a rina, an saci zanen mahaukaciya." Ɗalibi ba zai ji daɗin wannan karin magana ba sai ya san cewa ɓarawon zane yakan kai shi marina ne domin ya sauya masa kama. Akwai kuma "karofi", wato filin ramukan rini, wadda daga gare ta aka sami sarautar Sarkin Karofi. Wannan sarauta ƙofa ce ta bayyana wa ɗalibai yadda masu sana'a suke da shugabanninsu a tsarin sarautar gargajiya.

3.3 Sanin Matsayin Aikin a Cikin Al'umma

Marini ba shi kaɗai yake ba. Kafin tufa ta iso gare shi, manomi ya shuka auduga, mata sun gurje ta sun kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa. Bayan ta bar hannunsa kuma akwai mabugi da maɗinki da falke. Idan aka sa ɗalibai suka zana wannan sarƙa da kansu, za su ga cewa riga ɗaya tana ciyar da gidaje da yawa, kuma faɗuwar sana'a guda takan ja sauran.

4.0 Ɗalibin da Yake Nesa da Ƙasar Hausa

Za a iya cewa gani ya kori ji, kuma ba kowace makaranta ce za ta iya kai ɗalibai Kano ba. Wannan gaskiya ne, amma ba hujja ce ta barin darasin ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara daga abin da ɗalibi ya sani. Yaron Abekuta ya san adire. Sai a nuna masa cewa a ƙasar Yarbawa mata ne suka fi yin rini, kuma a cikin tukwane, a ƙasar Hausa kuwa maza ne, a cikin ramuka. Yarinyar Jihar Abiya ta san saƙar Akwete; sai a kwatanta mata da saƙin Hausa. Irin wannan kwatance yana koya wa ɗalibi mutunta al'adar wani ba tare da raina tasa ba, wanda yana cikin dalilan da suka sa Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta nemi yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsunan ƙasa ban da nasa. Haka kuma, a kusan kowane babban gari na kudu akwai unguwar Hausawa, inda ba a rasa dattijon da zai zo aji da rawani ko zane ya yi bayani.

5.0 Shawarwari

Muna ba da shawarar a rage yawan sana'o'in da ake jerawa a zango ɗaya, a zurfafa a kan biyu ko uku. A sauya salon tambayar jarrabawa daga "lissafo" zuwa "bayyana dalili". A ba ɗalibai aikin tattaro kalmomin wata sana'a daga bakin masu ita, a adana su a makaranta. Sannan masu tsara manhaja su haɗa kai da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, domin samar da hotuna da kayan gani daga wurare irin su Gidan Makama.

6.0 Kammalawa

UNESCO ta sanya bikin kamun kifi na Argungu cikin jerin al'adun duniya a 2016, ta kuma sanya hawan sallar Kano a 2024. Wannan abin alfahari ne, amma rajista a waje ba ta raya al'ada idan masu ita ba su san ta ba. Hanyar da muka bi da rini za ta yi aiki ga ƙira da jima da gini. Abin da muke nema shi ne ɗalibin da idan ya ga rawani mai sheƙi zai iya faɗin hannu nawa ya bi kafin ya hau kan mai shi, kuma ya iya faɗa da Hausa.