Yaron da Karatu Yake Yi wa Wuya

Karatun Littafi Mai Tsarki: Markus 7:31-37

Yau za mu yi magana a kan wani yaro da kusan kowace ikkilisiya take da irinsa. Yakan zauna a bencin baya a Makarantar Lahadi. Idan lokacin ayar haddacewa ya yi, sai ya sunkuyar da kai. Tsararsa sun iya buɗe Littafi Mai Tsarki su karanta, shi kuwa har yanzu yana fama da baƙaƙe. A gida ana ce masa daƙiƙi, a makaranta yana shan bulala. Amma in kun aike shi kasuwa ba ya ɓatar da canji, in kun ba shi labari sau ɗaya zai maimaita muku shi sarai. Me ke damunsa? Me kuma Ubangiji yake so mu yi masa?

Yadda Yesu ya yi da kurma

Markus ya ba mu labarin wani kurma mai i'ina da aka kawo wa Yesu a yankin Dikafolis. Ku lura da yadda Ubangiji ya bi da shi. Da fari ya janye shi daga cikin taro, don kada ya zama abin kallo. Sa'an nan, da yake mutumin ba ya jin magana, Yesu ya taɓa kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama. Wato ya yi masa magana ta hanyar da zai gane. Yesu yana da ikon warkar da shi da kalma ɗaya daga nesa, amma ya zaɓa ya sauko zuwa inda mutumin yake. Wannan shi ne aikin malami.

A Yahaya sura 9 kuma, almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, suka so su san laifin wa ne, nasa ko na iyayensa. Yesu ya nuna musu ba zunubin kowa ba ne. Saboda haka kada wani ya ce yaron da ya kasa karatu la'ananne ne, ko maye ne, ko an yi masa sammu. Irin wannan magana tana karya zuciyar yaro, tana kuma raba gidaje.

Mu fara neman dalili

Kafin mu hukunta yaro, akwai abubuwa huɗu da ya kamata mu bincika.

Na ɗaya, yare. Yaranmu da yawa suna tashi da Berom, ko Ngas, ko Tarok, ko Tangale, ko Jju a gida. A sujada su ji Hausa, a makarantar boko su ji Turanci. Harsuna uku ke nan a kan ƙaramin yaro. Ku tambaye shi darasin cikin yarensa. In ya amsa daidai, kansa lafiya ƙalau, Hausar ce ba ta zauna ba tukuna.

Na biyu, kunne da ido. Ƙyanda, da sanƙarau, da ciwon kunne mai zubar da ruwa suna iya rage wa yaro ji, iyaye ba su sani ba. Ku tsaya a bayansa ku kira sunansa a hankali, ku ga ko zai juyo. Ku duba ko yana kanne ido in yana kallon allo. In kun ga alama, ku kai shi asibiti.

Na uku, yunwa da yawan zazzaɓi. Yaron da ya fito ba karin kumallo, ko wanda ciwo yake kwantar da shi kowane wata, ba zai riƙe darasi kamar sauran ba.

Na huɗu, akwai yaron da kunnensa da idonsa lafiya, yana jin Hausa, yana da basira, duk da haka karatu ya gagare shi. Masana suna kiran wannan disleksiya. A 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14, mai wayo, wanda ya iya lissafi amma ya kasa karatu. Tun daga lokacin an yi ta bincike, aka gane cewa wahalar tana wurin haɗa baƙi da muryarsa. Mu da muka iya karatu, da mun ga "ba" da "ba" sai mu ce "baba" ba tare da tunani ba. Shi kuwa sai ya yi kokawa da kowane baƙi, kafin ya kai ƙarshen ayar ya manta farkonta. Baƙaƙe irin su b da ɓ, d da ɗ sukan ruɗe shi. Ƙananan yara duka sukan yi wannan kuskure a farkon koyo, amma shi yakan daɗe a ciki. Abin yakan bi jini, ba lalaci ba ne, bulala kuma ba ta maganinsa. Da koyarwa mai kyau da haƙuri, irin waɗannan yara suna iya karatu.

Abin da malami zai yi

Malamin Makarantar Lahadi, kada ka tsayar da irin wannan yaro ya yi karatu a gaban aji ba shiri. Ka ba shi ayar tun mako guda kafin lokaci, ka gajarta masa ita. Ka karanta da ƙarfi ya bi bayanka. Ka sa ayar cikin waƙa, gama abin da yaro ya rera ba ya saurin mantawa. Ka ba da labari da hoto da wasan kwaikwayo. Ka zaunar da shi a gaba kusa da kai. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya, ka ba shi aiki: ya share allo, ya raba littattafan waƙa, ya riƙe ganga. Ka tsauta wa masu yi masa dariya, ka yabe shi a kan ɗan abin da ya iya.

Abin da iyaye za su yi

Baba da mama, ko ba ku yi makaranta ba kuna da taimako. Ku daina gwada shi da ƙannensa. Gero yakan riga dawa nuna, amma ba wanda ya taɓa tuge dawarsa don ta makara. Kowane maraice a ba shi minti 10 ko 15, wani yayansa ya zauna da shi, baƙi biyu ko uku kawai, yana faɗa da baki yana zanawa da yatsa a ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa. Yanzu ana samun Littafi Mai Tsarki na sauraro a waya cikin Hausa da wasu yarukanmu, ku kunna masa ya ji. Ku kuma nemi malamin ajinsa ku yi shawara. Akwai malaman da suka koyi wannan aiki musamman, a Jami'ar Jos da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo.

Abin da ikkilisiya za ta yi

Dattawa, ku duba ajin baftisma. Iya karatu abu ne mai kyau, muna so kowa ya iya. Amma bangaskiya ga Almasihu ita ce ake nema. In saurayi ko budurwa sun kasa amsa a rubuce, ku tambaye su da baki, cikin yarensu in ya yiwu. Ku tuna Musa ya yi kukan nauyin baki a Fitowa sura 4. Allah bai sallame shi ba, ya haɗa shi da Haruna, aikin kuwa ya yiwu.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. A 1953 mishan na SUM ya buɗe makarantar makafi a Gindiri, a lokacin da mutane da yawa suke ganin makaho ba shi da abin yi sai bara. A 2019 kuma aka sa hannu a dokar ƙasa da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. In gwamnati ta hana, balle gidan Allah? Yaron da muka kunyata yau, gobe zai tsaya a waje lokacin sujada, jibi ba za mu gan shi ba sam. Za mu ba da lissafinsa a gaban Makiyayi.

Bari mu yi addu'a.

Ya Uba, kai ne ka halicci kowane yaro, ka kuma san inda yake fama. Ka ba iyaye haƙuri, ka ba malamai hikima, ka tsare bakinmu daga zagi. Ka buɗe wa yaranmu hanya su san ka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake saduwa a shiri na gaba, Ubangiji ya albarkace ku.