Kafancan: Garin Da Jirgin Ƙasa Ya Haifa

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk ɗan Arewa da ya taɓa shiga jirgin ƙasa zuwa Inugu ko Aba ko Fatakwal a zamanin da, ba sai an gaya masa inda Kafancan take ba. A nan ne layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu tun wajen 1927, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya kuma ya hau tudu zuwa Jos. Wannan na biyu shi aka miƙa har Maiduguri cikin 1964.

Kafin zuwan Reluwe, wurin ƙauyukan mutanen Fantswam ne, a ƙurewar kudancin ƙasar da ake kira Jihar Kaduna a yau, ba nisa da iyakar Filato da Nasarawa. Jirgi ne ya kawo leburori da akawuna da 'yan tireda, Hausawa da Ibo da Yarabawa, har gari ya tsaya da ƙafafunsa. Kai, shi kansa Sarkin Jama'a, wanda aka kafa masarautarsa wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau, sai da ya tattara fadarsa ya dawo kusa da tasha cikin 1933.

Baƙon da ya sauka ba zai rasa abin kallo ba. Ga duwatsun Kagoro, ga kuma Matsirga a wajen Madakiya, inda kogi ke zubowa daga kan dutse da ƙarar da ake ji tun daga nesa, musamman da damina.

To amma kallo ba ya cika tukunya. Tun da harkar jirgi ta mutu, abin da ya riƙe jama'ar yankin shi ne citta. Manoman Kaciya da Kwoi da kewayen Kafancan su tone ta, su fasa, su shanya, sa'an nan dillalai su cika buhuna a kai Ikko, daga can a fita da ita ƙasashen waje. Da kuɗin citta ake biyan kuɗin makaranta, ake yin aure, ake rufa ɗaki da kwano. Shi ya sa cutar da ta faɗa wa gonaki cikin daminar 2023 ta zama masifa: citta ta ruɓe a ƙasa, manoma da yawa har iri suka rasa, wanda ya ci bashi ya yi noma kuwa sai dai Allah ya kyauta. Wa ya alla mai karatu ya tuna yadda tsadarta ta kai a kasuwannin Kudu bayan haka. Akwai kuma kasuwar aladu ta Katsit da ke ci ranar Alhamis, wadda fatake daga Kudu ke cikawa.

Rikici ma ya yi tasa ɓarnar. Na watan Maris 1987 daga Kwalejin Horon Malamai ta garin ya faro, a na bayan zaɓen 2011 kuma babbar kasuwa ta ƙone. Maƙwabtan da tasha ta haɗa kakanninsu suka koma zaman unguwa daban-daban.

Cikin Maris 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri. A 2024 jirgi ya soma zirga-zirga tsakanin Fatakwal da Aba. Daga Aba zuwa Kafancan kuwa da sauran tafiya, sai an ratsa Inugu, an haye gadar Makurɗi, an wuce Lafiya.