Yakutu Ne Ko Kwalba? Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Sayi Dutse A Gwanjon Intanet

Watannin baya wani abokin yayana ya same ni a ɗakin gwaje-gwajenmu riƙe da wani jan dutse ƙunshe cikin auduga. Ya ce a gwanjon intanet ya saye shi dala 60, har da takardar shaida mai hatimi da ke cewa yakutu ne na asali mai nauyin karat 6. So yake kawai in tabbatar masa, don har ya yi wa wani dillali magana.

Ban yi wani abu mai wuya ba. Karat ɗaya giram 0.2 ne, kuma da na ɗora dutsen a sikeli ya ba ni giram 1.20, daidai da abin da takardar ta ce. Sai na rataye shi da siririn zare a cikin ruwa na sake aunawa, ya ba ni 0.72. Bambancin, wato 0.48, shi ne nauyin ruwan da dutsen ya ture. Raba 1.20 da 0.48, za ka samu 2.5. Ma'ana, dutsen ya ninka ruwa mai girmansa nauyi sau biyu da rabi. Yakutun gaske sau huɗu yake ninkawa; gilashi ne ke ba da wajen 2.5. Da muka leƙa da madubin ƙara girma, ga ƙananan kumfar iska nan a ciki, irin na kwalba. Bawan Allah ya yi shiru, can ya ce, "To ita takardar fa?"

Za mu zo kan takardar. Bari mu fara da shi kansa jabun.

Jabun dutse iri uku ne

Na farko shi ne na kwaikwayo, wanda kama kawai ya yi da na gaske amma sinadarinsa daban. Gilashi mai launi shi ne mafi arha. Akwai kuma zikoniya, wadda aka fara kai wa kasuwa a 1976 a matsayin madadin daimon, sai moisanayit da ya shigo a 1998.

Na biyu ya fi rikitarwa: dutsen da aka haɗa a masana'anta, amma sinadarinsa da tsarinsa iri ɗaya ne da na ƙasa. Yakutu da safaya ma'adini ɗaya ne, haɗin alminiyam da iskar oksijin. Idan ɗan kiromiyam ya shiga ciki sai ya zama ja, a ce yakutu. Idan ƙarfe da titaniyam ne sai ya zama shuɗi, a ce safaya. Tun a 1902 wani masani ɗan Faransa, Auguste Verneuil, ya bayyana yadda ake zuba garin wannan sinadari ta cikin harshen wuta mai zafin sama da digiri 2,000, ya narke ya riƙa ɗiga yana daskarewa har ya zama dutse. Har gobe ana amfani da dabarar, kuma da arha sosai. Shi ma daimon, kamfanin General Electric ya haɗa shi a Amurka tun 1954. Irin waɗannan, gwajin ruwan da na yi ba zai kama su ba, domin nauyinsu da taurinsu daidai suke da na asali. Sayar da su ba laifi ba ne. Laifin shi ne a sayar maka a matsayin wanda aka haƙo.

Na uku shi ne dutsen gaske da aka yi wa kwaskwarima. Gasa safaya da wuta don launinta ya fito, ko ɗura wa zumurrudu mai don ya ɓoye tsagewa, abubuwa ne da kasuwa ta amince da su matuƙar an faɗa wa mai saye. Amma wajen 2004 wani sabon salo ya mamaye kasuwa: a ɗauki yakutu mara kyau, mai tsage-tsage, a cike ramukansa da gilashi mai darma. A hoto gwanin sha'awa. Amma ruwan lemon tsami, ko sinadarin wanke-wanke, ko wutar maƙerin zinare na iya cinye gilashin, tsagewar ta fito fili.

Me ya sa ido ba ya wadatarwa?

Saboda launi ba ya tabbatar da komai. A gaban kambin sarautar Ingila akwai wani katon jan dutse da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana kira yakutu, daga baya aka gano wani ma'adini ne daban mai suna sifinel. To idan fadar sarki, da dutsen a hannunta, ta ruɗu, ina ga wanda ke kallon hoto a waya? Shi hoto ma, hasken fitila da ɗan gyaran kwamfuta sun isa su mai da dutse dusasshe ya zama jawur.

Masana ba launi suke dubawa ba. Suna auna nauyi, suna auna yadda dutse ke karya haske, sannan su leƙa cikinsa da na'ura. Dutsen da ya girma a ƙarƙashin ƙasa yakan zo da tabonsa: ƙananan allurai na wani ma'adini, da layukan girma miƙaƙƙu masu kusurwa. Na Verneuil kuwa layukansa lanƙwasassu ne, kamar zanen faifan garmaho. Ka ga ke nan, dutse babba, tas babu tabo, kuma da arha, abin tsoro ne.

Me gwanjon intanet ya ƙara?

A 1970 masanin tattalin arziki George Akerlof, wanda ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin abin da ke faruwa a kasuwar da mai sayarwa ya san ingancin kaya amma mai saye bai sani ba. Mai saye zai ƙi taya kaya da tsada don tsoron cuta. Mai kayan kirki ya ga ba zai fita ba, sai ya janye. A ƙarshe masu jabu ne suka fi yawa a fili. Gwanjon duwatsu da ake farawa da dala ɗaya haka yake. Ka tambayi kanka: wa zai sa dutsen dubban daloli a inda za a iya saye shi a kuɗin katin waya?

Sai kuma dabarun cikin gwanjon. Mai kaya na iya buɗe asusu na biyu, ko ya sa yaransa su riƙa tayawa don farashi ya hau. Agogon da ke ƙirga daƙiƙoƙi yana hana mutum tsayawa ya yi tunani. Yabon da masu saye suka rubuta ma ba hujja ba ne, domin yawancinsu sun yaba ne da zarar kaya ya iso yana walƙiya, ba tare da sun kai shi gwaji ba.

Kada kuma ka ɗauka shafin ne zai tace maka. A 2004 kamfanin kayan ado na Tiffany ya sayi samfurin kayan azurfa masu ɗauke da sunansa a eBay, ya ce kusan kashi 73 cikin 100 jabu ne, ya kuma kai ƙara. Kotun Amurka ta ba eBay gaskiya a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2010, bisa hujjar cewa shafin na cire kayan da aka nuna masa takamaimai cewa jabu ne. Ba a kan duwatsu aka yi shari'ar ba, amma darasin ɗaya ne: nauyin bincike yana wuyan mai saye.

To ita takardar fa?

Duk mai na'urar buga takarda zai iya ƙirƙiro sunan "cibiyar gwaji" da hatimi. Manyan cibiyoyi irin su GIA ta Amurka, wadda aka kafa a 1931, suna ba kowane rahoto lamba da za ka iya dubawa a shafinsu. Sai dai ko nan akwai tarko: GIA ɗin da kanta ta sha bayyana cewa an kawo mata daimon ɗin masana'anta da aka zana wa lambar rahoton wani daimon na asali. Saboda haka ganin lamba bai isa ba, sai nauyi da awon da ke rahoton sun dace da dutsen da ke hannunka.

Gwaje-gwajen gida da ke yaudara

Ana yawan cewa idan dutse ya karce gilashi to na gaske ne. A ma'aunin tauri da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daimon na da 10, yakutu da safaya 9, gilashi wajen 5.5. Farin dutsen da ke cikin yashi ma yana da 7, shi ma zai karce gilashi. Haka zikoniya da yakutun masana'anta. Ita kuma 'yar na'urar gwada daimon mai kama da biro, saurin wucewar zafi take aunawa, kuma moisanayit na tsallake ta.

Idan dai sai ka saya

Ka tambayi mai kaya a rubuce: haƙo shi aka yi ko haɗa shi? Me aka yi masa? Wanda ya kewaye tambayar ya riga ya ba ka amsa. Ka nemi rahoton cibiyar da aka sani, ka duba lambar da kanka. Kada ka yarda ka biya a wajen shafin, domin da ka yi haka kariyarka ta tafi. Ka tabbatar akwai damar mayar da kaya, kuma da zarar ya iso ka kai wa masani mai zaman kansa kafin wa'adin ya ƙare. Sannan ka yanke iyakar farashinka tun kafin gwanjo ya yi zafi.

Mu da ake haƙo safaya a tsaunin Mambila na jihar Taraba, ake kuma cinikin duwatsu a Jos, maganar ta shafe mu ta fuska biyu: muna iya zama masu saye, kuma duk jabun da aka sayar da sunan ƙasarmu yana karya darajar na mai haƙa na gaskiya. Shi dai abokin yayana ya sa an ɗaura dutsensa a zoben azurfa. Yana yi masa kyau, kuma yanzu ya san abin da ke yatsansa.