Saƙar Kaba a Gida: Faifai, Tabarma da Lefe

Gabatarwa

Saƙar kaba tana daga cikin sana'o'in hannu da Hausawa suka daɗe suna yi a cikin gida, musamman mata. Ba ta buƙatar rumfa ko jari mai yawa, domin mace tana iya yin ta a tsakar gida bayan ta sauke tukunya. Wannan takarda za ta yi bayani a kan kayan aikin sana'ar, da yadda ake yin ta, da kuma kalmomin da ta bar wa harshen Hausa.

Mece ce Kaba?

Kaba ita ce ganyen goriba, musamman na ƙaramar da ba ta riga ta yi tsawo ba. Goriba kuwa dangin giginya da dabino ce, sai dai ta bambanta da su domin gangar jikinta tana rabuwa ta yi rassa. Tana son ƙasa mai rairayi inda ruwa yake kusa. Saboda yawanta ne ake kiran wani kwari da ke jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wanda ya ratsa ta yankin Mayahi, da sunan Gulbin Kaba.

Yadda Ake Shirya Ta

Da farko akan yanko kaba a shanya ta har ta bushe. Daga nan sai a tsaga ta siri-siri da wuƙa. Idan ana son ado, sai a dafa wani kashi da galura, ja ko kore ko shuɗi, a bar sauran da kalarsa ta asali. Kafin a fara aiki akan jiƙa ta da ruwa, domin busasshiyar kaba karyewa take yi idan aka lanƙwasa ta.

Faifai da Tabarma

Faifai daga cibiya yake farawa. Mai aikin takan haɗa ɗan ƙunshin ciyawa, ta naɗe shi da kaba, ta murɗa shi kamar gammo. Sai ta riƙa huda layin da ya gabata da basilla tana zura kaba, ta ɗaure sabon layi a jikin tsohon. Haka za ta yi ta kewayawa har faifan ya kai faɗin da take so. Zanen yana fitowa ne daga inda ta sauya launi, saboda haka tilas ta riƙa lura da tazara a kowane zagaye. Da faifai ake rufe ƙwarya, da shi ake bakace, kuma yana cikin kayan jeren amarya.

Tabarma kuwa mataki biyu gare ta. Akan fara saƙa dogon abu siriri kamar ɗamara, sannan a jera shi gefe da gefe a ɗinke. Ke nan a tabarma guda akwai saƙa, akwai kuma ɗinki.

Sana'ar a Cikin Harshe

Ya kamata ɗalibi ya lura da bambancin "saƙa" da "saka", domin ƙugiyar harafi ɗaya ce ta raba ma'anarsu. Jam'in faifai shi ne faya-fayai, na tabarma kuwa tabarmi.

Har ila yau, ma'anar wasu kalmomin ta faɗaɗa. Da garmaho ya zo, sai Hausawa suka kira abin da ake ɗora masa faifai saboda kamar da suka yi, daga baya aka samu faifan bidiyo. Haka nan asalin lefe kwando ne na kaba da ake zuba tufafin da ango zai kai wa amarya. A yau akwati ake kaiwa, amma sunan yana nan, wato kayan lefe. A karin magana ma akan ce, tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta.

Matsaloli

Matsala ta farko ita ce kayan roba, waɗanda suka fi araha kuma ruwa ba ya ɓata su. Ta biyu ita ce yawan yankan kaba. Idan ana yanke ganyen ƙaramar goriba a kai a kai, ba za ta girma ta yi ƴaƴa ba, sai ta tsaya a ƙasa. Ta fuskar kasuwa kuwa, baje kolin sana'o'in mata na SAFEM da aka fara a Yamai a shekarar 2000 ya buɗe wa masu irin wannan aiki ƙofar samun masu saye daga nesa.

Kammalawa

Yarinya takan koyi wannan sana'a ne a gefen uwarta ko kakarta, tana kallo tana kwaikwayo. Idan wannan koyo ya yanke, sana'ar za ta tafi tare da kalmominta. Don haka yana da kyau ɗalibi ya zauna da mai saƙa a unguwarsu, ya rubuta sunan kowane kayan aiki da kowane zane kamar yadda ta faɗa masa.