Addu'a a tafin hannu: sassaƙen Kiristocin Turai a kan ɓawon teku da hauren giwa

Yau zan kai ku Turai ta ƙarni na 13 zuwa na 15, mu duba wasu 'yan ƙananan sassaƙe da Kiristocin lokacin ke riƙewa a hannu idan za su yi addu'a.

Bari in fara da abin da Turawa ke kira uwar lu'ulu'u. Wato farin nan mai walƙiya da ke shimfiɗe a cikin ɓawon halittar ruwa dangin katantanwa, wadda lu'ulu'u ke fitowa daga cikinta. Abin siriri ne, ga saurin fashewa, shi ya sa ba a iya yin babban mutum-mutumi da shi. Sai masassaƙan Jamus da Holan na ƙarni na 15 suka riƙa yanka shi kamar faifai, wani bai fi kwabo girma ba, su kankare siffar haihuwar Yesu ko gicciye shi a kai. Sau da yawa zanen da ake bugawa a takarda suke kwaikwaya. A kewaye shi da azurfa, a rataya a wuya ko a jikin carbi.

Me ya sa sai wannan abu mai wuyar aiki? A wurinsu hasken yana da ma'ana. Littafin Ru'ya ta Yohanna ya siffanta ƙofofi 12 na birnin sama da lu'ulu'u. To mai addu'a idan ya juya faifan ya ga launinsa na sauyawa, tsarki da aljanna yake tunawa.

Haka hauren giwa. A ƙarni na 13 da na 14 birnin Paris ne cibiyar wannan sana'a, kuma manyan hauren daga giwayen Afirka suke. Akwai mutum-mutumin Maryamu riƙe da jaririnta da aka yi wa majami'ar Sainte-Chapelle, yanzu yana gidan tarihi na Louvre, tsayinsa kamar santimita 41. In kun lura, ta ɗan karkata gefe guda. Lanƙwasar hauren ce masassaƙin ya bi, maimakon ya yi asarar kaya mai tsada.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, kayan aikin ma suna cikin ibadar. Tsadarsu sadaukarwa ce, ƙanƙantarsu kuma ta ba mutum damar yin addu'a shi kaɗai a ɗakinsa ko a hanya, ba sai ya je majami'a ba. Amma fa giwaye sun biya kuɗin wannan sha'awa, har aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989.

Nan zan dakata. Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa, sai mun haɗu a shiri na gaba.