Ƙananan Otal-Otal Na Alfarma A Bordo: Yadda Ɗakin Kwana Ke Tallafa Wa Gonar Inabi

A shekarar 2023 gwamnatin Faransa da ƙungiyar masu sana'ar giyar inabi ta yankin Bordo, a kudu maso yammacin ƙasar, suka amince da wani shiri na biyan manoma Yuro 6,000 a kan kowace kadada domin su tumɓuke itatuwan inabinsu. An yi niyyar share kimanin kadada 9,500. Dalili shi ne giyar ta yi kwantai, farashinta kuma ya faɗi har bai kai abin da ake kashewa wajen noma ba. Amma a cikin birnin Bordo kansa, da wasu manyan gandayen da ke kewaye da shi, akwai ƙananan otal-otal inda baƙo ke biyan ɗaruruwan Yuro a kan kwana ɗaya, ya yi kwana biyu ko uku ya koma gida. Waɗannan al'amura biyu suna da alaƙa da juna, kuma ko ɗan kasuwan da giya ba hajarsa ba ce zai sami abin dubawa a cikin lissafin.

Irin wannan masauki ya sha bamban da manyan otal-otal masu ɗaruruwan ɗakuna iri ɗaya. Yawan ɗakunansa kan kama daga 10 zuwa 100, kowane da irin adonsa, galibi a cikin tsohon gini da aka yi wa kwaskwarima. Akan danganta farkon salon da otal ɗin Blakes da aka buɗe a Landan a 1978, da kuma Morgans, wanda Ian Schrager da Steve Rubell suka buɗe a Niyu Yok a 1984. Abin da mai otal ɗin ke sayarwa shi ne keɓewa da kulawa: ma'aikacin da ya san sunan baƙo, babban kuku mai suna, da direban da zai kai shi gandun da ba kowa ake buɗe wa ƙofa ba.

Bordo ba ta kasance wurin yawon shaƙatawa ba sai a baya-bayan nan. Har zuwa shekarun 1990 hayaƙi ya baƙanta gine-ginenta na dutse, tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya kuma sun tare bakin kogin Garon. Alain Juppé, wanda ya zama magajin gari a 1995, shi ya jagoranci wanke gine-ginen da gyaran bakin kogin, aka kuma fara aiki da jirgin ƙasa na cikin gari a 2003. A 2007 hukumar UNESCO ta sanya tsakiyar birnin cikin wuraren tarihi na duniya, kamar yadda ta yi wa garin Saint-Emilion da gonakinsa tun 1999. A 2016 aka buɗe gidan baje tarihin giya na Cité du Vin. Sai dai abin da ya fi taɓa aljihun masu otal shi ne sabon layin dogo mai gudun gaske da aka buɗe a watan Yulin 2017, wanda ya rage tafiya daga Faris daga sama da awa uku zuwa awa biyu da 'yan mintoci. Daga nan ne mai kuɗi a Faris ya iya tashi aiki ran Juma'a da yamma ya ci abincin dare a Bordo.

Abin da ya jawo masu gandaye cikin harkar masauki yana da tushe a tsarin cinikinsu. Bisa al'adar da ta daɗe a Bordo, babban gandu ba ya sayar wa mai sha kai-tsaye. Yakan sayar wa attajirai 'yan sari ta hannun dillalai, waɗanda ke karɓar la'adar kashi 2 cikin ɗari, attajiran kuma su rarraba kayan a duniya. Tsarin yana kawo kuɗi da wuri, amma mai gandu bai san fuskar wanda ke sayen kayansa ba, ribar da ke tsakanin farashin sari da na kanti kuma tana tafiya ga wasu. Bugu da ƙari, dokar Evin ta 1991 ta hana tallar barasa a talabijin a Faransa, ta kuma taƙaita abin da za a iya faɗa a sauran kafofi. Baƙon da ya kwana a gandu, ya zaga gona, ya sayi akwati a farashin kanti, ya koma yana ba abokansa labari, ya yi wa mai gandu aikin da dillali da mai talla ba za su yi masa ba.

Jean-Michel Cazes, mai gandun Lynch-Bages a Pauillac a wancan lokaci, yana cikin waɗanda suka fara ganin haka, ya buɗe otal ɗin Cordeillan-Bages a ƙarshen shekarun 1980. Iyalan Cathiard, waɗanda suka sayi gandun Smith Haut Lafitte a 1990, sun wuce nan. 'Yarsu ta kafa kamfanin man shafawa na Caudalie a 1995, tana amfani da ƙwayar inabin da a da ake zubarwa bayan matsa, sannan a 1999 aka buɗe otal ɗin Les Sources de Caudalie a cikin gandun, da wurin wanka da tausa. Wato gona ɗaya ta haifi sana'a uku, biyu daga cikinsu kuma ba su dogara ga mai shan giya ba.

Wannan batu na ƙarshe yana da muhimmanci, domin masu shan suna raguwa. A shekarun 1960 Bafaranshe ɗaya kan sha fiye da lita 100 a shekara. Yanzu adadin bai wuce wajen lita 40 ba, jar giya kuma, wadda ita ce mafi yawan abin da Bordo ke yi, ita ta fi shan kashi. Ƙasar Sin, wadda ta zama babbar kasuwar Bordo a waje wajen 2010, ta rage saye tun daga 2018. Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan giyar Faransa daga Oktoban 2019 zuwa Maris na 2021. Sanyin ƙanƙara na Afrilun 2017 ya lalata wajen kashi 40 cikin ɗari na amfanin wannan shekara. Kuɗin ɗakin kwana ba ya jiran yanayin sama, ba ya kuma bi ta hannun jami'an kwastan na wata ƙasa.

Duk da haka, ƙaramin otal na alfarma sana'a ce mai siririyar riba. Ma'aunin da masu harkar ke dubawa shi ne abin da kowane ɗaki ya kawo, ko an kwana a cikinsa ko ba a kwana ba. A ƙaddara otal mai ɗaki 12 yana karɓar Yuro 400 a kwana. Idan an kama kashi 75 cikin ɗari na ɗakunan, kamar yadda akan yi fata a watan Satumba lokacin tsinkar inabi, kowane ɗaki ya kawo Yuro 300, wato Yuro 3,600 a dare. Idan hunturu ya shigo aka koma kashi 35, aka kuma rage farashi zuwa Yuro 300, abin da ke shigowa bai kai Yuro 1,300 ba. Albashin kuku da mai gadi da mai lambu bai ragu ba, haka kuɗin wuta da bashin banki. Daga abin da ya shigo za a cire harajin saye na kashi 10 cikin ɗari, kamfanonin kama ɗaki ta intanet kuma su ɗauki la'adar da kan kai kashi 15 ko fiye. Babban otal yana iya raba waɗannan kashe-kashe a kan ɗakuna 300. Mai ɗaki 12 ba shi da inda zai raba su, ɗaki biyu kacal suka zauna fanko ya rasa kashi ɗaya cikin shida na cinikinsa. Attajirin giya Bernard Magrez ya buɗe La Grande Maison a cikin birnin a 2014, da ɗaki shida da shahararren kuku Joël Robuchon, daga baya Pierre Gagnaire ya gaje shi. Gidan ya rufe a 2020, shekarar da annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye. Har ila yau, birnin ya yi asarar babbar kasuwar baje kolin Vinexpo, wadda aka fara a can a 1981, aka kuma mai da ita Faris bayan zaman 2019, ta tafi da baƙin da kamfanoninsu ke biya masu kuɗin ɗaki ba tare da ciniki ba.

Mazauna birnin ma sun ji a jikinsu. Kuɗin gidaje ya yi tashin gwauron zabi bayan buɗe layin dogon, har hukumar birnin ta tilasta wa masu ba da hayar gidajensu ga baƙi ta Airbnb da makamantansa yin rajista daga 2018.

Babban gibin da ke cikin tsarin shi ne ba mai buƙata ke cin moriyarsa ba. Baƙon da ya biya Yuro 400 yana son ganin gandayen da sunayensu ke cikin jerin daraja na 1855, wanda aka tsara bisa umurnin Sarki Napoleon na Uku, ko kuma na Saint-Emilion. Waɗannan su ne masu jarin gina otal, su ne kuma waɗanda kwantai bai fi damu ba. Manoman da suka yi zanga-zanga a titunan Bordo a Disamban 2022 suna neman a biya su su tumɓuke gonakinsu, yawancinsu daga yankunan giya mai araha suke, irin su Entre-deux-Mers, inda motar baƙi ba ta cika tsayawa ba. Wasunsu sun gyara ɗaki biyu ko uku a gidan gona suna sauke matafiya, amma abin da ke shigowa bai isa ya cike giɓin kadada 20 na inabin da ba shi da mai saye ba. Farashin ƙasa ya nuna tazarar: a 2023 kadada ɗaya a Pauillac ta haura Yuro miliyan biyu, yayin da kadadar gonar jar giya ta gama-gari ta faɗi ƙasa da Yuro 10,000 tun daga 2023. Faɗin gonakin inabin yankin, wanda ya daɗe yana wajen kadada 110,000, ya sauko ƙasa da 100,000.