Abigail da Danforth: Wa Ya Fi Ɗaukar Alhakin Salem?

A shekarar 1692, a garin Salem na yankin Massachusetts a Amurka, an rataye mutum 19 bisa zargin maita, aka kuma danne wani dattijo mai suna Giles Corey da duwatsu har rai ya yi halinsa. A kan wannan ta'asa Arthur Miller ya gina wasan kwaikwayonsa, The Crucible, wanda aka fara nunawa a New York a 1953, zamanin da Sanata McCarthy ke farautar 'yan kwaminis. Mutum biyu ne igiyar ratayar ta bi ta hannunsu a wasan: Abigail Williams, wadda ta ƙulla ƙazafin, da Danforth, mataimakin gwamna, wanda ya zauna a kujerar shari'a.

Abigail ta san ƙarya take yi. An tsinkaye ta da ƙawayenta suna rawa a daji da dare, abin da garin masu tsananin addini ba ya yafewa, sai ta ɗora laifin a kan Tituba, baiwar kawunta Fasto Parris. Da ta ga bakinta na ɗaure mutum, ta juya kan Elizabeth Proctor, uwar gidan da ta kore ta daga aiki saboda abin da ya shiga tsakaninta da maigidan, John Proctor. Har allura ta soka wa cikinta don a ce aikin Elizabeth ne. Danforth kuwa bai shigo da niyyar cuta ba. Ya yi imani Shaiɗan ya mamaye Salem, kuma Ubangiji ne ke magana ta bakin yaran.

Ta fuskar niyya ke nan, laifinta ya fi fitowa fili. Ta fuskar iko kuwa, lissafin ya juya. Ita marainiya ce 'yar shekara 17, 'yar aikatau wadda ba a taɓa neman ra'ayinta ba. (Abigail ta tarihi ma ba ta wuce 12 ba, Miller ne ya ƙara mata shekaru, ya ƙago soyayyar, kuma ina ganin hakan ya ɗora mata kayan da suka fi ƙarfin wuyanta.) Danforth kuwa sa hannunsa kaɗai ke aika mutum kurkuku. Duk ƙarfin da ta samu aro ne daga kotunsa.

Ga yadda kotun ta tafi. Tunda maita laifi ne da ido ba ya gani, in ji Danforth, shaidu biyu ne kawai: mayya da wanda ta kama. Mayya ba za ta tona kanta ba, saboda haka maganar mai ƙara ita ce hujja. Wanda ya amsa laifin, ya ambaci wasu, ya tsira. Wanda ya ƙi yi wa kansa ƙarya don tsoron Allah, kamar tsohuwa Rebecca Nurse, shi ake ratayewa. Da mutum 91 suka sa hannu cewa sun san matan da ake zargi da mutunci, sai ya ba da umarnin a kamo su duka a tuhume su. Wannan bai yi mana nisa ba: mun san yadda mai zazzabi kan ambaci sunan wata gyatuma a cikin maye na ciwo, a ce ta kama kurwarsa, a ja ta a tilasta mata tsallaka shi, ba wanda ya tambayi hujja.

Ƙarshen Abigail da Danforth ne ya raba mini gardama. Abigail ta fasa akwatin kawunta, ta kwashe fam 31, ta gudu. Labari ya iske Danforth. Fasto Hale, wanda ya zo garin da tulin littattafai don gano mayu sannan ya dawo daga rakiyar kotun, ya roƙe shi ya sassauta. Parris ma ya nemi a ɗage ratayar. Danforth ya ƙi, domin an riga an rataye 12, kuma jinkiri zai sa a yi shakkar hukuncin baya. A nan ba imani yake karewa ba, kujerarsa yake karewa, kuma shi ya sa na fi ganin jinin a wuyansa. Babbar mai shaidarsa ta tsere da kuɗin sata, amma da John Proctor ya yayyaga takardar amsa laifin da aka sa shi ya sa wa hannu, Danforth ya ce a kai shi ga igiya a safiyar nan.